Jagorar Gyara Shugabancin Ƙungiya: Yadda Za a Ɗora Iko Kan Abin da Mambobi Suka Yarda da Shi

Ƙungiya tana iya yin shekaru ana zaman lafiya matuƙar abin da ke asusunta bai wuce kuɗin wata da tarar makara ba. Ranar da tirelar taki ta zo da sunanta, ko wani ɗan siyasa ya ba da gudummawa mai kauri, ko wata hukumar agaji ta ce za ta yi aiki da ita, ranar ake gane mai ƙungiyar. Sai ka ji an ce shugaba ya riga ya sa hannu, jerin sunayen masu amfana ya riga ya tafi, ma'aji kuwa bai ma san an buɗe sabon asusu ba. A bangon ofis ga allo da manyan baƙaƙe: gaskiya, riƙon amana, haɗin kai.

Wannan jagorar ta masu son gyara irin wannan ce, ko ƙungiyar manoma ce, ko ta 'yan kasuwa, ta ci gaban gari, ta tsofaffin ɗalibai, ko kwamitin makarantar Islamiyya. Hujjata guda ce: duk manufar da ba ta hana mafi ƙarfi a cikinku yin wani abu ba, ado ce kawai. Aikin da ke gabanku shi ne ku bi kowace manufa har sai ta zama amsar tambayoyi huɗu: wa ke riƙe da mabuɗi, wa ke sa hannu, wa zai iya cewa a'a, wa zai iya sauke wa.

Mataki na farko: ku gano inda iko yake a zahiri

Kada ku fara da kundin tsarin mulkin ƙungiya. Sau da yawa abin da ke cikinsa da abin da ake yi sun daɗe da raba gari. Ku kafa ɗan kwamiti na mutum uku zuwa biyar waɗanda ba sa riƙe da muƙami, har da mace da matashi in ƙungiyar ta haɗa, su ɗauki shawarwari goma na baya-bayan nan da suka shafi kuɗi ko rabo, su bi diddigin kowace. Wa ya fara kawo maganar? A ina aka yanke ta, a zauren taro ko a falon wani bayan sallar isha'i? Wa ya ji labari kafin a aiwatar, wa ya ji bayan an gama?

Daga nan su lissafa kayan aikin ƙungiya da hannun da kowane yake: takardar rijista, hatimi, littafin cak, layin wayar da alat ɗin banki ke shiga, littafin sunayen mambobi, ikon shigarwa da cirewa a zauren WhatsApp, da lambar jami'in ma'aikatar da ake hulɗa da shi. A ƙungiyoyi da yawa za ku tarar dukkansu suna cikin jakar mutum ɗaya. Kada ku yi saurin zarginsa. Yawanci shi ne ya fi kowa wahala, shi ke zirga-zirga da man babur ɗinsa lokacin da sauran suke kasuwa. Aiki yana taruwa wurin mai yin sa, sanin kan al'amura yana bin aiki, iko kuma yana bin sani. Wani masani Bajamushe, Robert Michels, ya nuna haka tun 1911 bayan ya nazarci jam'iyyar 'yan gurguzun Jamus, wadda take da'awar daidaito fiye da kowa amma ta wayi gari a hannun 'yan tsiraru.

Wasu idan sun ga haka sai su ce a soke muƙamai, kowa shugaba ne. Wannan ya fi muni. Jo Freeman ta lura da shi a ƙungiyoyin matan Amurka a farkon shekarun 1970: waɗanda suka ƙi naɗa shugabanni sun ƙare a hannun gungun ƙawaye da babu wanda ya zaɓe su, don haka babu wanda zai iya sauke su.

Idan kwamitin zai ba da rahoto, ya ambaci muƙami, kada ya ambaci suna. Kafin a karanta shi a taro, mutum biyu masu mutunci su kai wa shugaba har gida, ya fara gani. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma in a bainar jama'a ya fara jin maganar, sauke mu raba zai ɗauke ta.

Mataki na biyu: ku fitar da manufofin daga bakin mambobi

In kun tambayi taro mene ne manufofinmu, amsar da ke kan allon nan za a maimaita muku. Ku sauya tambaya. Wane abu aka taɓa yi a ƙungiyar nan da ya sa ka ji daɗin kasancewa a cikinta? Wane abu aka yi da ya sa ka ji kamar ka tattara naka-ya-naka ka fita? A yi wannan cikin ƙananan rukunai na mutum shida zuwa takwas. Mata su zauna daban da mace mai rubutu, matasa ma daban, domin a gaban dattawa abin da za ku ji bai wuce "duk abin da manya suka yanke ya yi" ba.

Daga labaran da aka tara ku fitar da jimloli huɗu ko biyar, kada su wuce haka. Ma'aunin jimla mai kyau shi ne a samu wanda za ta tauye. "Muna son adalci" ba ta tauye kowa. "Mai buhu ɗaya da mai buhu ɗari ƙuri'arsu ɗaya" tana tauye babban manomi, shi ya sa take da amfani. Mutum 28 da suka buɗe shagon haɗin gwiwa a Rochdale ta Ingila a 1844, yawancinsu masaƙa da masu sana'ar hannu, irin waɗannan jimlolin suka kafa: mamba ɗaya ƙuri'a ɗaya, mudu cikakke da kaya marar algus, ciniki kuɗi hannu, riba kuma a raba gwargwadon sayayyar kowa. Ƙa'idoji bakwai da ƙawancen ƙungiyoyin gama-kai na duniya ya amince da su a Manchesta a 1995 daga can suka samo tushe.

Akwai manufofin da ke karo da juna, kuma yanzu ya kamata ku raba musu gardama, tun babu rigima a ƙasa. Girmama na gaba yana karo da daidaito. Tausaya wa ɗan'uwa yana karo da kare asusu. Ni a ganina, girmamawa ta tsaya a wurin zama, da gaisuwa, da buɗe taro da rufe shi, amma ƙuri'a ta kowa ɗaya. Tausayi kuma a ware masa nasa ɗan asusun, kada ya taɓa jari.

Mataki na uku: kowace manufa ta zama doka mai haƙori

Nan ne gundarin aikin, kuma misalin da ya fi dacewa ba daga nesa yake ba. A 1991 ƙungiyar agaji ta CARE ta fara wani shiri da matan karkara a jihar Maraɗi, aka sa masa suna Mata Masu Dubara. An gina shi kan adashin da matan suka riga suka sani, sai aka ƙara masa rance da dokoki. Tsarin ajiya da rance na ƙauye da ya tsiro daga can ya bazu ƙasashe da yawa a Afirka da wajenta.

Dubi yadda zaman irin wannan asusu yake gudana. Mata 15 zuwa 30 sun zauna sun yi da'ira, akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku a tsakiya. Wadda akwatin ke kwana a ɗakinta ba ta da mabuɗi ko ɗaya. Mabuɗan suna hannun wasu mata uku daban waɗanda ba sa cikin kwamiti. Kafin a buɗe, sai a tambayi taro nawa aka bari a makon jiya, a faɗa, sannan masu ƙirga kuɗi biyu su zazzage su ƙirga da ƙarfi kowa na ji. Ana kiran kowace ta kawo zubinta a gaban jama'a. Mai son rance ta faɗa a nan, kuma ba za a ba ta fiye da ninki uku na abin da ta tara ba. Akwai ɗan kuɗin taimako da ake zubawa daban domin rashin lafiya ko rasuwa. Idan zango ya cika, wajen shekara guda, a raba komai gwargwadon zubin kowa, a sake zaɓen shugabanni.

Babu wanda ya tashi ya yi wa'azin amana a wannan zama, kwaɗo ukun ne suka yi aikin. Abin da ya fi burge ni shi ne dokar ta fi kare mai akwatin fiye da yadda ta ɗaure ta. Idan maigida ko ɗanta ya zo da "ara mini zuwa ranar kasuwa," amsarta a shirye take: ba ni da mabuɗi. Da wannan hujjar za ku shawo kan shugabanku da ma'ajinku. Shugaban da shi kaɗai ke da ikon rubuta sunayen masu karɓar taki ba ya barci, surukai da 'yan'uwa da masu unguwa duk a ƙofarsa suke kwana. Ranar da ya iya cewa "ba a hannuna yake ba," ya huta.

To ku ɗauki kowace jimlar da kuka fitar ku yi mata tambaya uku: me ta hana, wa ta hana, yaya za a gane an karya ta?

Riƙon amana, alal misali, zai iya zama haka. Kuɗi ba ya fita sai da sa hannun biyu cikin uku, kuma ukun nan ba 'yan gida ɗaya ba, ba surukan juna ba, babu wanda yake yaron wani a kasuwa. Alat ɗin banki ya riƙa shiga waya fiye da ɗaya. Kuɗin ƙungiya ba ya kwana a asusun wani mutum, ko da da sunan sauƙaƙa tiransifa. Ma'aji ba ya zuwa sayayya, wanda ya sayo kuma ba shi ke karɓar kayan ya shigar a littafi ba. A kowane taro a karanta shige da fice, takardar banki a hannun wani mamba yana bi layi-layi. Idan wani ya ce rubutu da rasit alamar rashin yarda ne, a tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma muminai aka yi wa umarnin.

Adalci a rabo yana nufin a amince da sharuɗɗan wanda ya cancanta tun kafin kaya su iso, domin idan mota ta riga ta tsaya a ƙofa kowa sharaɗin da zai shigar da shi zai kawo. A liƙa jerin sunaye inda kowa zai gani na tsawon mako guda kafin rabo. 'Yan kwamiti su karɓi daidai da na kowa, kuma a ƙarshe. Duk wanda magana ta shafi kasuwancinsa ko ɗan gidansa, ya faɗa da bakinsa, ya fita waje har a gama.

"Kowa na da murya" ita ce aka fi yi wa ha'inci ba tare da an karya doka ba. Taron da ake kira da ƙarfe tara na dare ya kori matan aure. Bayanan taro da ake rubutawa da Turanci ko Faransanci alhali rabin mambobi ba sa ji sun mayar da sakatare mai fassara dokar da ya ga dama. Ku rubuta lokacin taro, da kwanakin sanarwa, da harshen da za a karanta bayanai, da mafi ƙarancin mahalartan da za su sa shawara ta zauna.

In ƙungiyarku tana biyan albashi ko alawus, ku sa iyaka tsakanin na sama da na ƙasa. Kamfanonin haɗin gwiwa na Mondragon, a yankin Basque na arewacin Sifaniya, sun fara ne da ƙa'idar cewa mafi girman albashi ba zai wuce ninki uku na mafi ƙanƙanta ba. Daga baya sun faɗaɗa iyakar don kada ƙwararru su gudu, amma a taro aka faɗaɗa ta, da sanin masu ƙuri'a.

Mataki na huɗu: ku raba shawarwari gida uku

Kuskuren masu ɗokin gyara shi ne su ce komai sai babban taro. Bayan wata uku an gaji da zaman awa huɗu kan sayen tabarma, mutane su daina zuwa, iko ya koma inda ya fito. Babban taro ya riƙe abubuwan da ba su da saurin gyaruwa: sauya dokoki, zaɓe da saukewa, kasafin shekara, cin bashi, saye ko sayar da fili, da duk wata alaƙa da ɗan siyasa. Kwamiti ya yanke abin da ke cikin kasafin da aka amince. Aikin yau da gobe kuma a bar wa wanda aka ɗora wa, da iyakar kuɗin da zai iya kashewa ba tare da tambaya ba, ya kawo rasit daga baya.

A Mondragon, wadda ta fara da masana'antar Ulgor a 1956 a hannun matasa biyar, ɗaliban wani limamin Katolika mai suna José María Arizmendiarrieta, ma'aikata masu hannun jari ne babban taro. Su ke zaɓen majalisar gudanarwa, majalisar ta ɗauki manaja, ita ke iya sallamarsa. Manajan yana ba da umarni a wurin aiki, amma waɗanda yake umarta su ne iyayen gidansa a ranar taro. Akwai kuma kwamitin sa ido da ba ya ƙarƙashin kowa sai babban taro. Ku ma ku kafa irinsa, mutum biyu ko uku masu ikon buɗe kowane littafi ba tare da neman izini ba.

Duk da wannan tsari, yajin aiki ya ɓarke a Ulgor a 1974 kan sabon tsarin tantance albashi, har aka kori wasu daga cikin jagororinsa. Masana'antar ta riga ta kai ma'aikata dubbai, ƙuri'ar shekara-shekara ba ta isar da kukan mai aiki a bakin inji. Idan mambobinku sun haura ɗari, ku raba su ƙananan rassa na unguwa ko na sana'a. Kamfanin jinyar gida na Buurtzorg da Jos de Blok ya kafa a Holan a 2006 ba ya barin ayari ya wuce ma'aikatan jinya 12, su ke tsara aikinsu da kansu. Don kada rassan su zama saniyar ware, ku ari dabarar Gerard Endenburg, wani injiniya da ya gwada ta a kamfaninsa na lantarki a Holan a shekarun 1970: kowane reshe yana da mutum biyu a kwamitin sama, ɗaya jagoran da aka ɗora masa, ɗaya wakilin da reshen ya zaɓa da kansa. Ta haka labari ba ya bin bakin mutum ɗaya.

Mataki na biyar: ku gyara yadda ake yanke magana a taro

Mun san ayar da ta yabi waɗanda al'amarinsu shawara ne a tsakaninsu, a Suratus Shura. Amma shawarar da aka saba gani ita ce shugaba ya yi bayani, babban attajirin ƙungiya ya goyi baya, a ce "kowa ya yarda?", a amsa "mun yarda," sannan a fita waje a fara gunaguni.

Ku gwada wannan a manyan batutuwa. Mai shawara ya gabatar da ita a taƙaice. A yi tambayoyin neman fahimta kawai, ban da muhawara. Sannan a zagaya ɗaya bayan ɗaya kowa ya faɗi ra'ayinsa, a fara daga ƙanana, shugaba da dattawa su zo ƙarshe, domin idan Alhaji ya riga ya yi magana an rufe bakin rabin zaure. Mai shawara ya gyara abin da zai gyara. A ƙarshe, maimakon "kowa ya yarda?", a tambayi kowa: kana ganin wata cutarwa ga ƙungiya in aka yi haka?

A ce shawarar ita ce a sayi masara da rabin asusu a ajiye zuwa bazara. Zagaye ya iso kan wata mamba, ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ba na ƙi ba ne. Amma sito ɗin da ake magana na ƙanin sakatare ne, kuma ba a faɗi wanda zai riƙe mabuɗi ba." Mai jagorantar zama ba zai ce "Hajiya, a bar wannan tukuna" ba. Zai ce, "To, Hajiya, me za a ƙara da hankalinki zai kwanta?" Ta ce a sa kwaɗo biyu, a rubuta kuɗin haya, kwamitin sa ido ya ƙirga buhuna duk wata. Sakatare ya fita waje, a amince da gyaran, a wuce. Ƙin da ake karɓa shi ne mai hujjar da ta shafi ƙungiya ko ɗaya daga manufofinku. "Ni dai raina bai so ba" ana saurara, amma ba ya tsayar da aiki. In an zauna sau biyu ba a daidaita ba, a kaɗa ƙuri'a a asirce, kuma a rubuta tun farko irin rinjayen da ake bukata, misali kashi biyu cikin uku ga sauya doka.

Mataki na shida: zaɓe, wa'adi da saukewa

Masu shirya zaɓe ba sa takara. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu: a Kano, Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta su ne masu zaɓen sarki, kuma daga gidajen da ba sa gadon sarautar suka fito. Sayyidina Umar da ya bar wa mutum shida zaɓen wanda zai gaje shi, ya yarda ɗansa Abdullahi ya halarta amma ya cire shi daga waɗanda za a iya zaɓa.

A ƙananan kwamitoci kuna iya yin zaɓe ba tare da 'yan takara ba. A fara karanta aikin muƙamin da halayen da yake bukata, kowa ya rubuta sunan wanda yake ganin ya dace, a zagaya kowa ya faɗi dalilinsa. Sau da yawa sunan da ke fitowa na wanda bai taɓa tunanin tsayawa ba ne. Hakan ya fi kusa da gargaɗin da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi wa Abdurrahman ɗan Samura cewa kada ya nemi shugabanci.

Wa'adi ya zama shekara biyu ko uku, sau biyu a jere, babu tazarce. Kada kwamiti ya sauka gaba ɗaya rana guda, a riƙa sauya rabi-rabi don kada sanin aiki ya tafi tare da su. Ku rubuta hanyar saukewa tun ana dariya: mambobi nawa ne za su iya tilasta kiran taro ko shugaba bai so ba, kwana nawa za a ba wanda ake tuhuma ya kare kansa, wa zai jagoranci zaman. A kuma sa ranar miƙa kaya, da jerin nan na mataki na farko a hannu, har da sauya sa hannu a banki da layin alat.

Sai batun wanda ya kafa ƙungiya, wanda shi ne ya fi wuya. Mutumin da ya yi shekara ashirin ana ce masa Ciyaman ba kujera kaɗai zai rasa ba, sunansa ne a gari. Ku ba shi matsayin uban ƙungiya da aiki na gaske: sasanci, rakiya wurin hakimi ko ma'aikata, horar da sababbi. Amma babu sa hannu a banki, babu hatimi, babu ikon soke abin da taro ya yanke. In kun bar masa ɗaya daga ukun nan, sabon shugaba ɗan aike ne.

Mataki na bakwai: hukunci daki-daki, sasanci mai araha

Elinor Ostrom, mace ta farko da ta samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki, a 2009, ta nazarci al'ummomin da suka yi ɗaruruwan shekaru suna sarrafa ruwan ban-ruwa da makiyaya da dazuzzuka tare. Daga abin da ta tarar sun yi tarayya a kai: waɗanda doka ta shafa suna da hannu a yin ta, masu sa ido daga cikinsu suke, hukunci yana farawa da sauƙi ya riƙa hawa, kuma akwai wurin raba gardama na kusa marar tsada. A Balensiya ta Sifaniya, kotun ruwa ta manoma tana zama kowace Alhamis da tsakar rana a ƙofar babbar majami'ar birnin. Alƙalanta manoma ne da 'yan'uwansu suka zaɓa, da baki ake shari'ar, nan take ake yankewa.

Naku ya bi wannan: tunatarwa a keɓe, sai gargaɗi a taro, sai tara, sai dakatarwa, kora a can ƙarshe. Dokar da hukuncinta na farko kora ne babu mai aiwatar da ita, domin kowa zai ce a bar kaza cikin gashinta. Tarar makara kuma ta fara aiki kan shugaba ranar da ya makara. Mambobi suna kallon wannan fiye da duk abin da ke cikin kundi.

Mataki na takwas: ku gwada, sannan ku kai hukuma

Kada a ƙaƙaba sabon tsarin da ƙarfi. A 2015 shugaban kamfanin Zappos na Amurka, Tony Hsieh, ya ce wa ma'aikata ko su rungumi tsarin aiki marar manajoji ko su karɓi kuɗin sallama, kimanin kashi 18 cikin 100 suka karɓa suka tafi. An raba iko ne da umarnin mutum ɗaya. Ku nemi babban taro ya amince da gwajin wata shida, ku fara da dokokin kuɗi da zagayen magana, ku sa ranar da za a zauna a duba abin da ya yi da wanda bai yi ba.

Abin da ya tsira daga gwaji shi za a shigar a kundi, kuma sai an kai inda aka yi rijista. A Najeriya, ƙungiyar da ke da amintattu masu rijista a CAC, hukumar rijistar kamfanoni da ƙungiyoyi, tana ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Sauya amintattu yana bukatar ƙudurin babban taro da sanarwa a jarida, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Wannan yana da muhimmanci, domin da sunan amintattu kadarorin ƙungiya suke, kuma akwai ƙungiyoyin da suka sauya shugabanni sau da yawa alhali takardar filinsu tana hannun mutanen farko. Ƙungiyar gama-kai kuwa ofishin daraktan ƙungiyoyin gama-kai na jiha za ta kai gyaran dokokinta, ba ya aiki sai an yi masa rijista. A Nijar da Chadi da Kamaru, dokar ƙungiyoyin gama-kai ta OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci a wasu ƙasashen Afirka, wadda aka amince da ita a Lome ranar 15 ga Disamba 2010, ita ce ke aiki. Ta tanadi ƙaramar ƙungiya mai mutum 5 zuwa sama da babba mai mutum 15 zuwa sama, kuma kowacce dole ta kasance da masu sa ido daban da masu gudanarwa.

A taron shekara, bayan rahoton kuɗi, a sake bin diddigin shawarwari goma kamar yadda aka yi da farko, domin iko yana komawa taruwa a hankali. A ƙara da tambaya ɗaya: su wa ke yi mana aiki ba su da ƙuri'a? Lokacin da Fagor, kamfanin kayan lantarki na gida da ya samo asali daga Ulgor, ya durƙushe a 2013, an nema wa yawancin ma'aikata masu hannun jari gurbi a sauran kamfanonin Mondragon, amma ma'aikatan rassansa na Faransa da Polan ba mambobi ba ne, wannan kariyar ba ta kai gare su ba. A wurinku su ne maigadin sito, da malaman da kwamiti ke biya, da 'yan dako, da matan da ke sussukar amfanin da mazajensu suka yi rijista da shi. Ku rubuta sunayensu, ku yanke wa za a buɗe wa ƙofar zama mamba da sharuɗɗanta, sauran kuma a ba su wakili mai ikon magana a kwamiti da ranar da ake sauraron kokensu.